Kunkurun Gwaggo Asabe

Ranar da likitan Lamingo ya ce wa Gwaggo
ta daina sunkuyo, ƙashin bayanta ya gaji,
dariya ta yi, ta ce:
"To, dattin ɗakin fa, wa zai je ya gaya masa?"

Na ƙirga abin da ya saura a albashi,
na haɗa da kwasar adashin Agusta,
na shiga Keke zuwa titin Ahmadu Bello,
ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya.

Su uku Uzoma ya jera min a kan tayil,
zagayayyu kamar faifai,
kowanne da gashin-baki yana kaɗawa.

"Wannan yana da ido a ka," in ji shi,
"yana zana taswirar gida, ya san falo, ya san uwarɗaka,
in ya gama ya je ya zubar da shararsa."
Na tambayi kuɗi. Ya faɗa.
Na ce: "Ba fili na zo saya a Rayfield ba."

Na biyun yana jin magana, amma ta Turanci,
sai da data, sai da waya mai shafawa.
Wayar Gwaggo kuwa mai tocila ce,
da kyauro ta ɗaure murfinta.

Na ukun yana gefe, kwalinsa ya sha hanya.
Ba ido, ba taswira, ba sunan da na taɓa ji.
Maɓalli ɗaya tak,
tankin ruwan da bai fi kofin shayi ba,
da ɗan tsumma maƙale a ƙarƙashi.
Ya tafi, ya yi karo da ƙafar kujera,
ya ja da baya kamar mai neman gafara,
ya canja hanya.

Na ce: "In aka ɗauke wuta fa?"
"Awa ɗaya da rabi zai yi, in ya ƙoshi da caji."
"Dokin ƙofarmu yana da tsayi."
"Sai an ɗaga shi, gaskiya."
"In burushi ya cinye, sai an aika Sin?"
Ya buɗe durowa, ya zaro guda shida a leda.
Wannan ledar ce ta gama cinikin.

Na san araha ba ta ado.
Ni ma ba ado na fito nema ba:
jan taɓon damina a bakin ƙofa,
ɓawon gyaɗar jikoki, gashin kyanwa,
da burbushin burodin da ke gayyato tururuwa.
Daidai ruwa, daidai tsaki.
Ya rage dubu bakwai yana rantsuwa da faɗuwa,
na rungumo kwali a cikin mayafi.

A Gangare, Gwaggo ta naɗe ƙafafu a kan gado
tana kallonsa ta wutsiyar ido.
Ya haɗiye zaren sakarta, ya shaƙe, ya yi ƙara.
Ya shige ƙarƙashin kabad ya ƙi fitowa,
sai da muciya.
Amma can ya turo ɗan kunnenta
da ya ɓata tun sunan Haulatu.
Ta juya shi a tafin hannu, ta daɗe ba ta ce komai ba.
"Kunkuru," ta ce, "sannu da aiki."

Yanzu tana ɗauke masa darduma kafin ya iso,
tana yi masa faɗa in ya tsallake lungu,
in sanyin Jos ya tsananta da dare
har zani take lulluɓa masa.

Jiya da asuba na ji motsi a falo.
Na leƙa: ga ta tsaye, ba ta sunkuya ba,
ta ɗaura tsintsiyar laushi a kan dogon kara
tana share gaban inda yake kwana.

Na ce: "Gwaggo, ai aikinsa ke nan."
Ta ce: "Yi shiru.
Baƙo ne har yanzu.
So kike ya tashi ya ga gidanmu da datti?"